Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Inda Adadi Ke Ɓacewa Tsakanin Fayil da Manhaja

   

Da takardar gayyata ta iso ni, na tarar an bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san da yawanku sun so in ɗauko wani ƙasaitaccen batu, irin su ƙirƙirarriyar basira ko tsaron intanet. Sai ga shi na zo muku da abin da ake koya wa ɗalibi a makonsa na biyu, wato yadda manhaja ke buɗe fayil ɗin rubutu ta karanto adadi daga ciki. Ku yi mini haƙuri. A iya shekarun da na yi ina wannan sana'a, babu abin da ya hana ni barci kamar wannan ɗan aikin da kowa ke renawa.

Bari in fara da tonon asirin kaina, don kada a ce malam ya zo yana nuna wasu da yatsa. Wasu shekaru da suka wuce na rubuta wa wani Alhaji 'yar ƙaramar manhaja. Ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, yana sayo wake daga Maraɗi. Akawunsa na can zai auna kaya, ya rubuta nauyin kowace mota a fayil ya turo, manhajar ta karanta, ta tara, ta faɗi abin da ya shigo sito. Da na duba fayil na farko sai na ga 12,500 da 9,300 da 14,050. Na ce ai wannan kilo ne, waƙafin kuwa na dubbai ne kamar yadda muka saba. Na ƙara layi ɗaya tak: a cire waƙafi, a karanta abin da ya rage. Wata bakwai ana aiki lafiya lau, lissafi na fita daidai da sikeli, har Alhaji ya fara yi mini talla wurin abokansa.

Ran nan da hantsi sai ga wayarsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, na'urar nan taka ta fara sata." Mota ta sauke wake har ya tokare ƙofar sito, manhaja ta ce kilo 125 ne suka shigo. A wata motar kuma ta ce 875. Kwana biyu na yi ina tonon inda ake tarawa da inda ake ninkawa, ina bin kowane layi da na rubuta, ina zargin kaina da zargin kwamfutar. An bar jaki ana dukan taiki. Sai a rana ta uku na yi abin da ya kamata in fara da shi, na buɗe fayil ɗin kansa. Ga abin da ke ciki: 12,5 da 8,75. Ashe an sauya akawu.

Nijar ta gaji rubutun lissafi daga Faransa, inda waƙafi ke yin aikin da ɗigo ke yi a wurinmu. Tsohon akawun tun farko ba kilo yake rubutawa ba, tan yake rubutawa. Da ya sa 12,500 nufinsa tan sha biyu da rabi, sai dai al'adarsa ce ya cika alƙaluma uku bayan waƙafi. Tan ɗaya kuwa kilo dubu ne. Kun ga kurakuraina biyu, ɗaukar waƙafi a matsayin na dubbai da ɗaukar tan a matsayin kilo, sun shafe juna daidai wa daida. Sabon akawu bai yi laifin komai ba, sifilin da ba su da aiki kawai ya daina rubutawa. Manhajar tun ranar farko a karye take, sa'a ce ta rufa mata asiri wata bakwai. Wani ƙarin abin dariya, yaron sito ya ga 125 a takarda tun mako guda kafin nan bai ce uffan ba, domin buhun wake wajen kilo 100 ne, tan sha biyu da rabi kuwa buhu 125 ke nan. Ya ɗauka buhuna ake nufi.

To, ga maganar da na zo da ita. A cikin fayil ɗin rubutu babu adadi ko ɗaya, alamomi ne kawai a jere. Idan ka ga 42 a allo, abin da ke kwance a ciki bayit biyu ne, 52 da 50, domin a tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, alamar sifili na zaune a gida na 48, ta tara kuma a gida na 57. Manhaja za ta ɗauki 52 ta cire 48 ta sami huɗu, ta ninka da goma, ta ɗauki 50 ta cire 48 ta ƙara biyu. Arba'in da biyun nan hukunci ne da mai karatu ya yanke, kuma hukuncin na tsayuwa ne a kan yarjejeniya tsakaninsa da wanda ya rubuta.

Bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram a ce maka abu dala ashirin ne, sefa 100 za ka miƙa, domin dala sefa biyar ce. A ce jaka guda, sefa 1,000 ke nan. Tsallako Jibiya ka tambayi dattijo jaka guda, zai ce maka naira 200. Ɗan kasuwa ba ya ruɗewa, saboda ya san kasuwar da yake tsaye. Manhaja ba ta san kasuwar da take ba. Wasu kayan aikin ma sukan tambayi kwamfutar da suke kai: Scanner na Java da takwaransa na C# suna bin harshen da aka saita na'urar da shi. Sai ka ga manhaja ɗaya, fayil ɗaya, ta yi aiki a Kano, a kai ta Yamai ta tubure. Excel ɗin da aka saita da Faransanci shi ma waƙafi mai ruwa yake raba gidajen fayil da shi, tunda waƙafin ya riga ya sami wani aiki. Shi kansa tsarin CSV da duk duniya ke musayar bayanai da shi, an shekara da shekaru ana amfani da shi kafin a rubuta masa takardar ƙa'ida a 2005, kuma takardar ba ta ce komai ba kan yadda za a rubuta adadi.

Yanzu me mai karatu ke yi idan ya ci karo da abin da bai gane ba? Nan harsunan kwamfuta suka rabu, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa.

Python da Java masu ihu ne. Ka ba su abin da ba adadi ba, su tsaya cak su watso maka jan rubutu. Ɗalibai sun tsani wannan jan rubutun, ni kuwa da shekaru suka ja na koyi gode masa, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda nake tsoro shi ne mai shiru. A harshen C akwai wani tsohon umarni, atoi, wanda in ka ba shi shirme zai miƙo maka sifili fuska a sake, kuma ba ka da hanyar bambance wannan sifilin da na gaskiya. Ka ba shi 1 250 000, yadda akawun Maraɗi ke rubuta sefa miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin, zai karanta ɗaya, ya iso tazara, ya tsaya, ya ce maka amsa ɗaya ce. Haka parseFloat na JavaScript: ba shi 1,234.56 ya ce ɗaya. A JavaScript ɗin dai, ka ba Number gurbi wayam babu komai a ciki, ya ce sifili. C na da wani umarnin da ya fi hankali, strtol, wanda ke nuna maka daidai inda karatunsa ya tsaya, ya kuma sanar idan adadin ya fi ƙarfinsa. Sai dai sai ka tambaye shi, kuma a aikin da ake kawo mini dubawa, ba kasafai nake ganin an tambaya ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da nake gani, wadda in da ni ke da iko da an hana ta da doka. Manhaja ta yi ihu, sai mai rubutun ya kama kuskuren ya binne, ya ce duk inda karatu ya gagara a sa sifili a wuce. Jan rubutu ya ɓace, hankali ya kwanta. Ku ɗauki takardar sakamakon jarrabawa. Ɗalibin da ya zauna ya ci sifili daban, wanda rashin lafiya ta hana shi zuwa aka ja masa kara a gidansa daban. Ka mayar da su abu ɗaya, ka zalunci na biyun, ka kuma ja matsakaicin makin ajin ƙasa ba tare da kowa ya sani ba. Masu aikin yanayi suna da irin nasu: a fayilolin ruwan sama da zafin rana an saba sa -999 ko -9999 a ranar da ba a yi awo ba. Wannan kam adadi ne sosai, zai karantu babu gardama, sai dai ka wayi gari matsakaicin ruwan damina ya fito ƙasa da sifili.

Turawa na kiran kuskuren manhaja ƙwaro. Kalmar ta girmi kwamfuta, amma labarin da ya fi yawo shi ne na 1947, lokacin da masu aiki da na'urar Mark II a Jami'ar Harvard suka ciro wani ƙwaro mai fiffike, irin masu bin fitila da dare, daga cikin na'urar, suka manna shi a littafin aiki. Su sun yi sa'a, nasu ƙwaron ana ganinsa. Namu sau da yawa ido ba ya kama shi.

Ku koma kan sefa 1 250 000 ɗin nan. Da na gane tazara ce ke raba dubbai, sai na ce a cire duk tazara. Na sake gwadawa, ta ƙi. Na zura ido, ga tazara nan ƙuru-ƙuru, na ce a cire, ta ƙi fita. Ashe ba irin wadda ka sani ba ce. Tazarar da ke fita idan ka danna dogon maballi bayit ɗaya ce, 32. Wadda na'ura mai saitin Faransanci ke sakawa cikin adadi wata ce daban, mai hana layi karyewa, kuma a tsarin UTF-8 bayit biyu ce ko uku, gwargwadon wadda aka yi amfani da ita. A allo duk fari ne fes. Kama da wane ba wane ba ne.

Irinta suna da yawa. Akwai bayit uku, EF BB BF, da wasu manhajojin Windows ke sakawa a bakin fayil don nuna tsarin haruffansa. Ba a ganin su. Alamarsu ita ce layin farko kaɗai ke ba da matsala, sauran dubu goma lafiya. Duk ranar da kuka ga haka, kada ku wahalar da kanku, ku duba bakin fayil. Akwai ƙarshen layi: Linux na rufe layi da alama ɗaya, 10, Windows na rufewa da biyu, 13 sannan 10, gadon zamanin tafireta, inda sai an mayar da keken farkon layi kafin a gangara. Idan 13 ɗin ta maƙale a wutsiyar adadi, wasu kayan aikin za su ƙi karantawa. Abin takaici, da ka ce a buga maka abin da ya gagara, ita wannan alamar za ta yi aikinta na asali, ta mayar da rubutu farkon layi, ƙarshen saƙon ya hau kan farkonsa. Saƙon kuskuren ma ya zama shirme. Akwai alamar ragewa da aka kwafo daga Word ko daga PDF, wadda ta ɗan fi karan ɗori tsawo, Python kuma ba ya karɓarta. Akwai akantoci da ke sa bashi cikin baka biyu a madadin alamar ragewa. Akwai harafin O a gurbin sifili da ƙaramin l a gurbin ɗaya, musamman a takardun da aka ɗauki hotonsu na'ura ta karanto.

Har alƙaluman da muka koya a makarantar allo suna da nasu labarin. Wanda ya saba da ajami ya rubuta ١٢٣ a waya, Python zai karanta ɗari da ashirin da uku, Java ma haka. JavaScript zai ce wannan ba adadi ba ne. Tsohon namu atoi zai ce sifili, kamar kullum. In kuma mutum ne ya kwafe da ido ba tare da ya san rubutun ba, biyar ɗin Larabci da'ira ce kamar sifilin boko, shidan kuwa sak bakwai.

Zan ɗan daɗe a kan abu na gaba, domin a nan harshenmu ya riga Turanci. Bature na da kalma ɗaya da yake faɗa wa yawan buhuna da kuma abin da ke jikin mota. Mu muna cewa adadin buhuna, amma lambar mota, lambar waya, lambar asusu. Babu Bahaushen da zai ce adadin waya. Adadi ana tara shi, ana raba shi. Lamba suna ce, sunan da aka rubuta da alƙaluma. Kafin ku mayar da kowane gida na fayil adadi, ku tambayi kanku da Hausa: in na tara biyu daga cikinsu, amsar na da ma'ana? In babu, lamba ce, ku bar ta a rubutu yadda ta zo.

Wanda ya ƙi ji, ga abin da zai gani. Lambar wayarmu alƙaluma 11 ce, da sifili take farawa. A mayar da ita adadi, sifilin ya faɗi, tunda a lissafi sifilin gaba ba shi da aiki. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, da yawa da sifili ɗaya ko biyu suke farawa, sai ka ga jerin albashi ya koma banki da asusu masu alƙaluma takwas. Waɗanda ba su fara da sifili ba ma ba su tsira ba: mazubin adadi na bit 32 da aka fi amfani da shi a C da Java ba ya wuce 2,147,483,647, don haka duk asusun da ya fara da uku ya fi ƙarfinsa. Java zai yi ihu ya nuna maka lambar, ka duba ka ga alƙaluma ne tsaf babu ko ɗigon datti, ka rasa abin da yake nufi. A Excel kuwa, ina jin babu wanda ke cikin wannan ɗaki da bai taɓa ganin lambar waya mai 234 a gaba ta koma 2.34803E+12 ba. Muddin a allo ne kawai, da sauƙi. Da an adana fayil ɗin a CSV a haka, sauran alƙaluman sun tafi ke nan har abada. Excel ɗin kuma alƙaluma 15 kaɗai yake riƙewa, saboda haka lambar katin banki mai 16 za ta rasa ta ƙarshe, ya cike gurbin da sifili.

Kada ku ɗauka mu kaɗai wannan ke ci. Masana ƙwayoyin halitta suna da wasu masu suna SEPT2 da MARCH1, Excel ya riƙa mayar da su biyu ga Satumba da ɗaya ga Maris. Wasu lambobin kuma masu harafin E a tsakiya, irin 2310009E13, ya ɗauke su adadi ya murƙushe su. A 2016 wasu masu bincike a Ostireliya suka bi dubban maƙalolin da aka buga a manyan mujallun fannin, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ke da irin waɗannan fayiloli sun kamu. Ƙarshenta a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya sallama, ya sauya sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1. Masana kimiyyar duniya suka kauce wa manhajar ofis hanya.

Sifilin gaba na da wani tarkon kuma. A C da danginsa, adadin da ya fara da sifili ana iya ɗaukarsa na ƙirgen takwas-takwas, inda 010 ke nufin takwas, alƙaluman 8 da 9 kuwa babu su sam. Ku duba abin da zai faru da kwanan wata. Daga 01 zuwa 07 amsa ɗaya ce ko ta wane ƙirge aka bi, manhaja ta yi aiki daga Janairu har Yuli. Agusta na kamawa, 08, sai ta faɗi. Tsohon parseInt na JavaScript, kafin gyaran ƙa'idar 2009, sifili yake bayarwa a nan a yawancin burauzoji, kuma Bash na Linux har yau yana ƙin 08 a lissafi.

Kan kuɗi ba zan ja ba. Kwamfuta na ajiye guntun adadi da ƙirgen biyu-biyu, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, kuma a wannan ƙirgen 0.1 ba ya ƙarewa, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a namu. Ku buɗe Python ku ninka 19.99 da 100, za ku sami 1998.9999999999998. Ku datse wutsiyar, kwabo ɗaya ya tafi. Karanta naira da kwabo a matsayin cikakken adadin kwabbai, ko ku yi amfani da mazubin da aka tanada don kuɗi. Don ku san aikin ba na yara ba ne, a farkon 2011 an gano cewa idan aka ba PHP adadin 2.2250738585072011e-308 ya karanta, a wasu na'urori sai ya shiga zagaye marar fita. Ba a jima ba aka sami ɗan'uwansa mai ƙarewa da 2012e-308 yana yi wa Java haka, har kamfanin Oracle ya fitar da gyaran gaggawa a Fabrairun 2011. Rubutu ɗan layi ɗaya, wanda kowa zai iya aikawa ta intanet, ya isa ya daskarar da uwar garke.

To, yaya ake farautar? Zan gaya muku yadda nake yi yanzu, bayan wake ya koya mini hankali.

Fayil nake fara buɗewa, kuma ba da Excel ba, domin shi yana gyara abu kafin ya nuna maka, wani lokacin ya ɓata shaidar da kake nema. Ina buɗewa da abin da zai nuna mini bayit tsirara, irin xxd ko od a Linux. Gani ya kori ji. In wani ne ya kawo ƙara, nakan ce ya turo fayil ɗin kansa, kada ya kwafo layin ya manna mini a WhatsApp, don a hanya ɓoyayyun alamomin kan zube, ya iso ni da tsabta alhali a can yana ciwo. A cikin manhajar kuma, daidai gabanin inda ake mayar da rubutu adadi, nakan sa a buga mini abin da aka karanto tsakanin alamomin zance, tare da tsawonsa. A Python repr na yin wannan. Ka ga 42 a allo, tsawo ya ce uku, ka san akwai baƙo a ɗakin. Saƙon kuskurenka kuma ya faɗi sunan fayil, da layi na nawa, da gida na nawa, da ainihin abin da aka tarar. Saƙon da ya ce an sami matsala kawai, daidai yake da yaron da ya rugo ya ce gobara, aka ce ina, ya ce cikin gari.

In fayil ɗin babba ne kuma ba a san layin ba, raba shi biyu, ka gwada kowane rabi, ka riƙe mai ciwon ka sake rabawa. Layi miliyan ɗaya, rabawa ashirin ta ishe ka. Da ka kama layin, kada ka yar da shi bayan gyara. Ajiye shi cikin gwaje-gwajen manhajar, duk wanda ya taɓa wurin gobe ya sake cin karo da shi.

Sai ƙirge. Layi nawa suka shigo, nawa aka karɓa, nawa aka ƙi, kuma biyun ƙarshe su haɗu su ba da na farko. A Ingila, lokacin korona, ɗakunan gwaji na aika sakamako a fayilolin CSV, hukumar lafiya na zuba su a tsohon tsarin Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Abin da ya haura sai ya zube, shiru. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu ba su shiga ƙididdiga ba, aka kuma makara wajen bin waɗanda suka yi cuɗanya da su. Kowane adadi da aka karanta daidai aka karanta shi. Waɗanda ba a karanta ba ne babu mai ƙirga su. Sannan ka ba kowane gida iyaka irin ta mai hankali: mota ba ta ɗauko kilo 125 daga Maraɗi, maki ba ya wuce 100, shekarun ma'aikaci ba sa kai 300. Da na sa wannan iyakar tun farko, da ranar da aka sauya akawu na sani, ba sai Alhaji ya kira ni ɓarawo a fakaice ba.

Akwai wurin da duk wannan ba ya kai ka. Layin 12,500 shi kaɗai, ko shekara ka yi kana kallon bayit ɗinsa, ba zai gaya maka ko na Kano ne ko na Maraɗi ba. Alamomin iri ɗaya ne sak. Na ga masu rubuta dabarun cinta, in alƙaluma uku ne bayan waƙafi a ɗauka dubbai ne, in biyu ne a ɗauka guntu. Irin wannan dabarar ce ta yi mini aiki wata bakwai. Amsar tana wurin wanda ya rubuta fayil ɗin, kuma yana da waya.

Na kira sabon akawun. Muka gaisa, na tambaye shi iyali da sanyin Maraɗi, sannan muka shirya: layin farko na kowane fayil zai faɗi ko tan ne ko kilo, layin ƙarshe zai faɗi yawan motoci da jimillar nauyi kamar yadda ya tara da hannunsa, ni kuma manhajata za ta tara nata ta gwada. Duk layin da ya saɓa, ba za ta cinta ba, za ta ware shi a wani fayil daban, in kira shi mu warware. Makon farko na kira shi sau huɗu. Mako na biyu sau uku, har na fara jin muryarsa na sauyawa in ya ɗauka. A mako na uku na buɗe fayil ɗin layukan da aka ware, na tarar da layi ɗaya tak. A gidan nauyi, inda ya kamata alƙaluma su zauna, bawan Allah ya rubuta da haruffa, baƙaƙe da wasula: goma sha biyu da rabi.

Shugaban taro, ranka ya daɗe, na ga kana duban agogo. Ga makirufo.